Bututun da Ya Saki Hanya

Likitan ya cire hular tiyata, ya ja kujera kusa da uwar yarinyar da ya yi wa aiki.

"Mama, bututun maɗaciyar 'yarki ya haɗe da wani a inda bai kamata ba. Ruwan narkar da abinci ya daɗe yana komawa baya, yana cin ta. Mun makara."

"Wani abu ta ci?"

"A'a. Da shi kika haife ta."

Ta fito tana dafa bango. A kan benci ɗayar 'yarta, 'yar biyun mara lafiyar, tana jira da kwano a cinya, kamarsu ɗaya sak.

"Ungo, Umma, ki ci. Ni kwana biyu abinci ba ya zauna mini," in ji yarinyar, tana danne gefen cikinta na dama.