Kujeru Biyu a Filin Ƙanƙara

"Tashi mu tafi, an gama," na ce wa matata da ƙarar tashi daga zagaye na biyu ta kaɗa.

Ta dubi jama'a. "Maigida, ai ba wanda ya ɗauki rigarsa."

"Ba su san cunkoso ba ne."

Ranar na fara shiga filin hoki na Washington, wasan nan na sanda a kan ƙanƙara, amma tuni na zama malaminta. Lokacin da gwanin ƙungiyar ke jinya, ko kyauta ka miƙa tikiti sai a kawo maka uzuri. Yau da ya dawo, ba masaka tsinke. Ni kuwa shekara talatin ina kallon ƙwallon ƙafa, na san wasa rabi biyu ne.

Har muka isa gidanmu a Gaithersburg ina yabon dabarata.

'Yarmu ta tare mu a ƙofa. "Baba, zagaye uku ake yi! A na ukun gwanin ya ci uku!"

Ta maimaita mana a talabijin. Filin ya cika maƙil, kowa na tsalle, sai kujeru biyu wayam a tsakiya.

Matata ta nuna su da yatsa. "Ga mu can, Malam. An nuno mu."