An Riga Darlene Faɗa

"Kada ki yi saurin sakin jimlar nan," Wendell ya raɗa wa Darlene Kowalczyk kafin ta hau dandamalin muhawara. "Bari sai an zo maganar haraji."

Darlene na neman kujerar majalisa a jihar Ohio ta Amurka, kuma kunnen doki suke yi da abokin hamayyarta, Russ Tillery. Wendell, mai ba ta shawara, ya kawo mata wata jimla mai zafi. Ta haddace ta har a gaban madubi.

Aka zo kan haraji. Ta buɗe baki ke nan, sai Russ ya bugi tebur.

"Masu kamun ƙafar manyan kamfanoni ne ke rubuta wa wannan matar abin da za ta faɗa! Ni kuwa bakina na ma'aikata ne!"

Zauren ya ɗauki tafi. Darlene ta sandare. Jimlarta ce sak, "mutumin" kawai aka mayar "matar". Da kame-kame ta ƙarasa muhawarar.

Tana saukowa ta cakumi kwalar Wendell. "Maci amana! Sayar masa ka yi?"

"Na rantse ban sayar ba! Ni ma ba ni aka yi."

"Wa ya ba ka?"

Ya nuna wani dattijo mai sanƙo da ke cin donat a bakin ƙofa, mai yi wa kamfanonin magunguna kamun ƙafa a Washington. Dattijon ya matso yana karkaɗe sukari daga rigarsa.

"Yi haƙuri, ranki ya daɗe, sakatariyata ce ta rikice. Wannan jimlar da ma Russ muka rubuta wa. Taki jimlar tana cikin motata, ta ma fi zaginmu."