Halawar Wata Tara

Rezar ta sake suɓucewa, ta faɗa bayan bokiti, inda ko sama da ƙasa za su haɗu ba za ta iya sunkuyawa ta ɗauko ba. Matar ta tsaya a banɗaki tana haki, hannu ɗaya a bango, ɗaya a ƙugu. Wata tara cif. Rabonta da ganin abin da ke ƙasan cibiyarta tun cikin yana wata shida. Ta gwada ajiye madubi a ƙasa, madubin ya nuna mata tulun ciki kawai, sai ka ce an ce masa ba ta san da shi ba.

Jibi za a kwantar da ita. Likita ya ce ɗan bai juyo da kai ba, sai an yi aiki. Wuƙar ba ta dame ta ba. Abin da ya tsaya mata a wuya shi ne lokacin da za a yaye mata zane a ɗakin haihuwa, a gaban ƙananan nas-nas ɗin nan da bakinsu ba ya rufuwa, a tarar da gashin wata uku. Ta san abin da ake cewa a ɗakin nan, kalma bayan kalma. Gara ƙasa ta tsage ta shige da a faɗa mata shi.

Mijin kuwa hoto ne. Ta roƙe shi, ya ce hannunsa rawa yake, ya zari makullin mota ya fice. Namiji ke nan, a ɓarna jarumi, a gyara matsoraci. Ƙanwarta kuma in ta ji, to dangi kaf sun ji.

Sai ta rufe hanci da baki da takunkumi, ta jawo mayafi har gira, ta nufi wani shagon gyaran jiki a can ƙarshen gari inda ba ta taɓa taka ƙafa ba. A bakin ƙofa ta kalli tawul-tawul ɗin da aka shanya a igiya, ta ja wani dogon tsaki.

Mai shagon, wata doguwa siririya, ta ɗago daga kan tukunyar halawar cire gashi da take juyawa. Ta dube ta na ɗan lokaci.

"Shigo, maman biyu," ta ce.

Aka ja labule. Matar ta ce ba za ta kwanta ba sai an canza zanen gadon, an wanke hannu har gwiwa, an sa safar hannu. Mai shagon ta yi duk yadda ta ce. Ta tallafe ta ta kwanta a gefe, ta cusa mata matashi a baya.

"Kar ki ji kunyata," in ji mai shagon tana murza halawar. "Ni abin kunya na gama ganinsa shekara huɗu da suka wuce, a haihuwata ta fari. Naƙuda ta zo mini da sauran sati uku, ban shirya komai ba. Akwai wata babbar nas, Sista Reza ake ce mata a bayan ido. Ta ɗaga zanena, ta ƙwala wa yaranta kira, wai ku zo ku ga daji, ku taho da lauje. Suka zo, suka yi dariyarsu. Ta aske ni a bushe, ba ruwa ba sabulu, har sai da ta yanke ni. Ina kuka, suna cewa naƙuda ce. Ba naƙuda ba ce."

Matar ta damƙe bakin gadon.

Mai shagon ta ci gaba: "Wai ita ma mace ce! Tir. Mace da ba ta taɓa ɗaukar ciki ba take koya wa masu ciki tsafta. Wane asibiti za ki?"

Matar ta faɗa mata, murya can ƙasa.

"Ai nan take. Allah Ya raba ki da ita."

"An ce ta tafi hutu."

"Hutu? Ashe masifa ma tana hutu."

Tukunyar tana ta tururi a gefen gadon. Matar ta kasa ɗauke ido daga kanta. Ga ta a kwance, zane a yaye, ko tashi ba za ta iya ba sai an ba ta hannu. Gumi ya jiƙa takunkumin, amma ba ta cire ba. Tsoro take ji sosai.

Mai shagon ta ɗebo halawar, ta hura, ta gwada a wuyan hannunta, ta ƙara jira ta huce. Sannan ta shafa, ta fizge da sauri, ta danne wurin da tafin hannu har zafin ya lafa. Haka ta bi ko'ina, tana cewa sannu. Ko ƙwarzane babu. Ta gyara hammata, ta yanke faratan ƙafar da suka yi zaƙo-zaƙo, ta shafa mai a dugadugan da suka kumbura. Ta tashe ta zaune, ta durƙusa ta sa mata takalmi da hannunta.

A bakin ƙofa ta miƙa mata jakarta, ta gyara mata mayafi a kafaɗa.

"Allah Ya sauke ki lafiya," ta ce. "Ko takunkumi goma kika ɗaura, tsakin nan ba zai ɓace mini ba, Sista Reza. Yanzu dai kin san yadda daji yake fitowa."