Geron da Aka Rataye a Hayaƙi

A zamanin Turawa, lokacin da jirgin ƙasa ya fara kwasar gyaɗa zuwa Ikko, an yi wata matar attajiri da ba ta taɓa ɗaukar tulu ba. Jeren tasoshinta ya kai rufi, barori shida ke yi mata daka da girki. Aiki ɗaya ne ba ta bar wa kowa ba. Duk kaka, in an kawo gero daga gandun mijinta, sai ta zauna ta tsince zangarkun da suka fi cika, ta ɗaure su da hannunta, ta rataye a rufin madafa inda hayaƙi ke bugawa, don kada ƙwari su ci. Kowace Alhamis takan tuɓe mundayen azurfa ta shiga ta juya su, ta fito idanu jawur. Barori su yi ta dariya a ɓoye. Mijin ma ya taɓa ce mata, "Uwar gida, kowa ya koma gyaɗa, ke kina gadin abincin kaji?" Ta ce, "Maigida, gyaɗa jirgi za ta hau. Wannan shi zai zauna da mu."

Sai fara ta sauka shekara biyu a jere. Mutane suka cinye rumbu, suka cinye irin shuka. Ta buɗe rumbunan gida ta ciyar da unguwa har suka ƙare, amma na madafa ta hana a taɓa, ko da ita kanta ta koma shan kunun dusa. A shekara ta uku ruwa ya sauka, ƙasa ta jiƙu, maza suka tsaya a gonaki da sungumi, babu ƙwayar da za a jefa a rami. Attajirin ya aika kasuwanni bakwai, ba a samo mudu ɗaya ba, ga kwanakin shuka suna wucewa. Ran nan ta sa aka sauko da damman, baƙaƙe ƙirin kamar gawayi. Da aka sussuke, sai ga ƙwaya lafiya lau, ko ɗaya ƙwaro bai huda ba. Kowane gida ta auna masa ƙoƙo guda. Bayan mako, dattawa suka tsaya bakin gona suna kallon tsiro har iya ganin ido, suna hawaye. Baranyar da ta fi kowa dariya ita ta roƙi a koya mata ɗaurin. Gaskiyar Hausawa ce: don tuwon gobe ake wanke tukunya.