Kitsen da Ba a Ci Ba

"Likita, kai ka gaya masa, ni bakina ya gaji," na ce, ina nuna tumbin mijina Tanios. "Kullum ɗanyen nama da kitsen wutsiyar rago. Ƙanensa yana tsinkar inabi ya yanke jiki ya faɗi matacce, ko shekara arba'in bai cika ba."

"Haba Nuhad, har a nan ma?" in ji Tanios, yana sosa ƙeya.

Wannan mutuwar ce ta sa muka gangaro asibitin garin Zahle aka ɗebi jinin duk 'yan gidanmu.

Likita bai yi murmushi ba. Ya ce, "Kitsen da ke cikin jinin ya wuce misali, yana iya toshe jijiyoyin zuciya. Ƙwayar magani kaɗai ba za ta isa ba. Sai an riƙa tace jinin da na'ura."

Na ce wa Tanios, "Ka dai ji! Daga yau sai dafaffen ganye."

"Madam, ba mijinki nake nufi ba. Tala nake nufi."

Tala ita ce 'yarmu tilo, shekararta tara. Ko nama ba ta so.

Na ce, "To me zan hana ta ci?"

"Ba ci ta yi ba. Gado ta yi."

Na juya kan Tanios. "Ka gani ko? Jinin gidanku ne!"

Likita ya girgiza kai. "Gadon gefe ɗaya ba ya kaiwa haka. Rabi nasa ne, rabi naki."

Na buɗe baki, na rasa wanda zan yi wa faɗa.