Hannun Da Ya Yi Waldar

Wani soja ya ajiye guntun ƙarfe a kan teburin aikina.

"Baba, a inda bam ya tashi cikin kasuwa muka tsinto shi. Ka san hannun da ya yi wannan walda?"

Na juya ƙarfen a hannuna.

A rumfar bayan shagona ƙungiyar nan mai dasa bama-bamai ta fara, malami ɗaya da 'yan samari. Ni na haɗa musu ƙarfen ɗora lasifika, kyauta, don na ɗauka karatu ne. Daga baya malamin ya koma Shugaba, ya ce duniya ta lalace, sai an rushe ta a sake gini. Autana ya ajiye tabaraun walda ya bi shi.

"Kai da ƙafar kujera ta gagare ka, kai ne za ka gyara duniya?" na ce masa ranar. Ko waiwayowa bai yi ba.

Shekaru na yi ina koya wa yaron nan ya ɗan dawo da wuta baya a ƙarshen layin walda, don kada haɗin ya tsage. Salona ne, ba wanda na koya wa sai shi. Na yi faɗa, na yi duka, bai taɓa yi daidai ba.

"Baba, kai muke jira," in ji sojan.

Na shafa ƙarshen layin da babban yatsa. Sumul, babu ko rami.

"Ɗana ne," na ce. "Sai yanzu ɗan banzan ya iya."