Ku da Wa?

Ya tsaya yana jiran ta a ƙofar kamfanin da jami'a ta tura ta koyon aiki. Ajinsu ɗaya a sashen kwamfuta, sai dai shi bai samu gurbi a nan ba. Ta gilashi yake hango ta da ogan sashenta, kujerunsu a haɗe. Ogan ya miƙa hannu ya danna wani abu a kwamfutarta, wadda ko shi ba ta bari ya taɓa, ita kuwa sai dariya take.

Ta fito da murnarta. "Sarkin shiru, yau mun kama abin da ya hana manhajar tashi! Waƙafi ɗaya ne fa ya wahalar da mu."

"Ku da wa?"

Ta dube shi da kyau. "Au, shi ya sa ka haɗe rai? Haka ake aiki a nan, biyu-biyu, ɗaya na rubutawa ɗaya na dubawa."

"Dariyar ma cikin aikin take?"

Ta sunkuyar da kai. "Ya ce in na gama karatu in dawo, akwai kujera."

"Kujera kawai?"

"Ya kuma tambaya ko da wanda ya riga shi."

"Me kika ce masa?"

"Na ce sai na tambaya. To, ga shi ina tambaya."

Ya dube ta ido cikin ido.

"Gobe ki ce masa an riga shi. Yaushe Baba yake gida?"